Katangar da ta Tsare Mana Hanyar Teku

Ni dai na ga teku. Na daɗe ina faɗin haka a Jakara, kuma har yau ba a samu wanda ya ƙaryata ni da hujja ba, sai dai da dariya. Ina saurayi na bi wani ubangidana da jakunkunan fata da takalma da layun ado irin waɗanda Turawa ke so, muka gangara Ikko, muka ƙetara Kwatano, muka bi titin nan da ya kwanta a bakin ruwa har Lome. 'Yan kwanaki na yi a can. Amma tun da na dawo nake cin ribar tafiyar da baki.

Bokona aji uku ne. A ajin nan malaminmu ya taɓa kawo ƙwallon duniya, ya juya ta, ya ce duk inda muka ga shuɗi ruwa ne. Na ɗaga hannu na tambaye shi abin da ya hana ruwan da ke ƙasan ƙwallon zubewa. Da bulala ya ba ni amsa. Ba a jima ba mahaifina ya mai da ni kan wuƙar dukanci. Saboda haka a fannin ruwa ilimi biyu gare ni, na makaranta da na ido, kuma ba kowane farfesa ne zai faɗi haka ba.

Matata Babarbariya ce, 'yar gidan malamai. Kakanninta sun zo daga Borno da allunansu tun ba a san ranar ba. Matan unguwa na ɗaukar karatu a wurinta a tsakar gidanmu, shi ya sa kowa ke ce mata Malama, har ni. Mu kuwa Fulani ake ce mana, ko da yake saniya sai a hannun mahauta nake ganinta, Fillancina kuma bai wuce gaisuwa ba. Kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Tun ranar da aka kawo ta ta sanar da ni cewa bawa ta samu, ni kuma na ce baiwa aka ba ni sadaka. A kan haka muka zauna lafiya, muka haifa, muka aurar.

Duk sanda na ɗauko labarin teku sai ta gyara zama.

"Ɗan Fulani, wai ruwan nan naka ya kai Cadi?"

"Malama, Cadinku ai kududdufi ne. A juye shi cikin teku, ko tari ba za ta yi ba."

"Ka taɓa ganin Cadin?"

"Ke kin taɓa?"

Ba ta taɓa ba. Ruwa mafi girma da ta sani shi ne wanda ke shigo mana zaure in Jakara ta cika da damina.

Abin ya fara ne da buta. Sai ta ajiye buta a gefenta, ta juya ta ture ta. Mace ta shigo ta zauna kusa da ita, sai ta yi magana sannan Malama ta zabura. Na ce girman kan Barebari ne, ba sa ganin na gefe. 'Yarmu ta fari, wadda ke aure a Kabuga, ba ta yi dariya ba. Ta kai ta asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ba yana ba ce balle a kankare. Gani na tsukewa ne daga gefe zuwa tsakiya, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa kuma ja masa birki kawai yake yi. Ya ce abu ne mai tafiya a hankali. Wannan "a hankali" ɗin ita muka riƙe, muka bar masa sauran bayanin.

Bayan kwana biyu Malama tana tankaɗe, ba tare da ta ɗago ba ta ce, "Ka kai ni in ga ruwan nan naka."

Na ce wane ruwa.

"Abin da zan haddace na haddace. Fuskokin jikokina na gani. Ƙaryarka ce kaɗai ban bincika ba, kuma ba na so fitila ta mutu ban kama ka ba."

Na ce to.

Ina da mota, kada a raina ni. Doguwa ce mai kujeru layi biyu da buɗaɗɗen baya, na saye ta zamanin da fata ke da daraja, ina ɗauko kaya da ita daga majema. Da kasuwa ta kwanta, ita ma na kwantar da ita a kangon da ke jikin gidanmu. Ta yi shekara da shekaru a nan. Awaki suna kwana ƙarƙashinta, kaji sun ƙyanƙyashe zuri'a bayan zuri'a a kujerar baya. Na kirawo bakanike. Ya zagaya ta, ya leƙa ciki, ya tambaye ni ko gyara nake so ko addu'a. Na ce ya fara da gyaran, addu'a muna da malama a gida.

Yana can yana fama da inji, ni kuma na shiga tsara tafiya, kuma ban yi wa aikin wasa ba. Kullum da la'asar nake zama bakin ƙofar ɗakinta in shimfiɗa mata hanya. Mu fita ta Ƙofar Na'isa, mu yi Zariya, mu yi Kaduna, mu haye gadar Jabba. Na ce a nan kada ta yi saurin cewa ta ga teku, Kwara ce, ƙanwar ƙanwarta. Mu kwana Ilori wurin mutanenmu 'yan goro, mu wuce Badun, mu ratsa Ikko ba tare da mun kula kowa ba, sai Badagiri. Daga nan fa sai kallo. Titi a miƙe, bishiyoyin kwakwa a jere, masunta sun kama igiyar taru suna ja suna waƙa, ruwa kuwa ya taso kamar zai cinye gari, ya zo gab da ƙafarka ya fasa, ya koma, ya sake tasowa, haka tun ranar da aka halicce shi bai gaji ba.

Har wurin zama na tsara. Na yi lissafi irin namu na masu aji uku, na gano cewa in an nufi yamma teku a hannun hagu take, wato ɓangaren direba. Don haka a tafiya za ta zauna a bayana, jikin taga, a dawowa kuma ta dawo gaba.

"Wato a tafiya ni ce uwar ɗaki, kai direbana."

"A dawowa fa?"

"A dawowa ma."

Na je wurin limamin masallacinmu na tambaye shi ko ana alwala da ruwan gishiri. Ya ce ana yi. Na tambaye shi daga ina matafiyi ke fara ƙasaru, ya ce in na bar gidajen gari. Na ce Kano yanzu ai gidajenta ba sa ƙarewa, ya ce in tashi in ba shi wuri. Ita kuma Malama ta sa aka yi dambun nama da garin kunu da yaji, ta fito da lafayarta mai ruwan ƙwai ta turara ta da turaren wuta, ta ninke. Ta ce ba za ta tsaya gaban babban ruwa da kayan aikin gida ba.

Ranar da motar ta tashi, unguwa ta ji. Hayaƙi ya turnuƙe kango, kaji suka watse, mata suna leƙe ta kan katanga. Na shiga, na yi bisimilla, na fito da ita lungu. Na yi gaba kaɗan, madubi ya goge bango. Na ƙara gaba, taya ta hau dakali. Da na iso kwanar da ke fita titi, sai mota ta tsaya cik, hanci a jikin katanga, gindi a jikin katanga.

Wanda bai zauna cikin birni ba sai an yi masa bayani. Lungu ba ya zama yadda ka bar shi. Sanda na shigo da motar nan, lungunmu na ɗaukarta har da mai keke a gefe. To amma wannan ya fito da dakali, wancan ya gina kwata, wani ya yi wa bangonsa riga da siminti saboda damina, kowa ɗan yatsa biyu, ɗan kamu ɗaya. Ba mai yi wa wani magana, don kowa ya ci nasa. Ni ma dakalina na nan a ciki. Da shi na fara, na sa aka fasa. Sauran maƙwabta da suka ji dalili, kowa ya rage abin da zai iya. Saura kwanar da ke fita titi.

Katangar kwanar ta maƙwabcina ce, mai wankin hula, abokina tun muna tsallaka kwata ba wando. Shekarun baya ya fito da ita lungu don ya sami ɗaki guda. Na same shi a zaure a kishingiɗe, don ya kwana biyu ba lafiya. Na faɗa masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai da ko Wudil ba ka iya kai mota, kai ne za ka Lome?"

"Ka ba ni kwanar nan dai, ka ga aikin maza."

"Ka fasa. Ai tun asali ta lungu ce, aro na yi. Amma ka bari a sha ruwa, a yi salla, in kwashe kayan ɗakin. Azumi ya ƙarato, wa zai yi aikin ƙasa da ƙishirwa?"

Daga ni sai shi a zauren. Na mai da mota kango da baya, da kyar, ina jiran salla.

Bai ga sallar ba. A goman ƙarshe aka yi masa sutura.

Daga ranar katanga ta tashi daga ta abokina ta koma ta magada, cikinsu har da ƙanana. Iznin da ya ba ni ya bi shi kabari, don ba shaida. Sannan damina ta sauka, ɗakin matarsa ya soma yoyo, aka mai da ita ɗakin kwanar nan, a nan ta zauna takaba. Wato bangon da nake so in fasa, a bayansa mace take zaune da carbi tana wa mijinta addu'a.

Samarin unguwa suka ce za su kwantar da motar a gefenta su ja ta. Aka gwada da igiya, tsayinta ma ya fi wurin. Bakanike ya ce a yanka ta biyu, a fitar, a ɗinke a titi. Na ce mota ce, ba ragon layya ba.

'Yarmu ta zo ta zauna gabanmu, ranta a ɓace.

"Baba, ku bar motar nan. In saka ku a ta haya, ko zuwa Ikko ne, ta gani ku dawo. Ko kuwa ni in shiga in gaya wa Inna, wallahi ba za ta hana ba."

Inna take ce wa matar marigayin, don a hannunta ta yi rabin girma.

Malama ta ce, "Ki shiga ki ce mata me? Ta matsa da carbinta, za mu wuce shan iska?"

"To motar haya fa?"

"Shekara nawa muna tare da baiwar Allahn nan? Ita ta yi mini wankan jego. Yau tana zaune a ɗaki ba ta fita, ni ce abokiyar hirarta, sai in kulle ƙofa in tafi kallon ruwa? In dawo in dube ta da wane ido?"

"Idon ne ai ake magana, Umma."

"Idona na nan. Ina ganinki sarai, har kwallin da kika zambaɗa. Wata huɗu ne da 'yan kwanaki. Tekun guduwa za ta yi?"

Ta juyo wajena. Na tabbatar mata a matsayina na masani cewa teku ba ta zuwa ko'ina. Ta kuma kafa mana doka, kada wanda ya kai maganar nan gidan makoki. Unguwa duka ta sani, unguwa duka ta yi shiru. Mu a wajenmu wannan ita ce kara, kuma da ita aka yi mana tarbiyya.

Haka watannin suka tafi. Kullum da hantsi Malama ta yafa mayafi ta bi lungu zuwa ɗakin mai takaba, su yi lazimi, su yi hira, ta dawo da azahar. Nakan gan ta tana tafe hannunta na shafar bango, na ɗauka santsin damina take tsoro. Ɗalibanta na karatu tana gyara musu, littafi a buɗe a cinyarta, ban lura ta daina juya shafi ba. Dambun nama muka cinye shi da kaɗan-kaɗan kada ya lalace. Ni kuwa kowace Juma'a in tayar da mota ta yi ɗumi, da la'asar in zo in ƙara wa tafiya ado. Har Ankara na ƙara mana, tunda baki ba ya shan mai. Tana ji, tana musu.

"Jiya ka ce ruwan shuɗi ne, yau ka ce kore."

"Ya danganta da lokaci. Da safe launinsa daban, da yamma daban."

"Kamar maganarka ke nan."

Ranar fita takaba aka yi sadaka, aka raba gumba da ƙosai. Washegari 'yarmu ta karya doka, ta je ta gaya wa mai takaba komai. Ina zaure sai na ji hayaniya a lungu. Na fita na tarar da matar abokina, tsohuwa mai ciwon gwiwa, da taɓarya a hannu tana dukan kusurwar katangarta, tana kuka tana faɗa.

"Ku rasa wanda za ku yi wa kara sai ni? Kullum tana zaune gabana, ba ta ce uffan ba! Ni dutse ce? Da ba sai in koma zaure ba?"

Babban ɗanta ya riƙe taɓaryar. "Inna, ki yi haƙuri, ba a raba gado ba, akwai haƙƙin yara."

"Ina da tumuni a gidan nan ko ba ni da shi? To tumunina wannan kwanar ce. A rubuta. Sakar mini!"

Ya saka. Ya je da kansa ya ɗauko diga. Katangar ƙasa ce aka yi mata fuska da siminti, kafin azahar ta zama tsibi, samari suna kwashewa da kwanon gini. Lungu ya buɗe, har ana hango masu adaidaita a titi. Rabona da ganin wurin haka tun ina da baƙin gashi.

Malama na gida duk wannan bidiri, ta hana kanta fita don kunya. Da ƙura ta lafa ta ce bari ta je ta ba wa ƙawarta haƙuri. Ina tsaye bakin kango ina goge gilashin mota ta wuce ni, hannunta a bango kamar kullum. Ta bi bangonmu, ta bi na gaba. Da ta iso inda katangar kwana take a da, hannunta ya faɗa iska.

Ta tsaya. Ta miƙa hannun gaba, ta miƙa gefe. Ta ɗan juya, ta sake lalubawa. Rana tsaka, lungu a buɗe, ƙofar gidan da take nema na gabanta kaɗan, ga ƙawarta ma zaune a bakin ƙofar. Malama na tsaye a tsakiyar fili da hannu a miƙe.

Na ajiye tsumman. Ban san yadda na isa wurin ba. Na kama hannun.

"Wane ne?"

Shekarun nan duka ba ta taɓa tambayata ko wane ne ba.

Na ce, "Bawanki ne."

Ta riƙe ni da ƙarfi. Muka koma gida a hankali. A ɗaki na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun wajen tsakiyar damina abin ya zama kamar leƙe ta kafar makulli, daga baya kafar ma ta toshe. Yanzu sai dai ta san rana ta fito ko ta faɗi.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa a yi me? A fasa ɗaki a kan mai takaba? Ko ka daina zuwa da la'asar kana yi mini ƙarya?"

Na ce za mu tafi duk da haka. Na ce teku ba kallo kaɗai ba ce, tana da ƙara, tana da iska mai gishiri, za ta taka yashi, ruwa ya zo ya taɓa mata ƙafa. Na yi ta zuba, har da abin da ban tabbatar ba.

Ta bari na gama. "A'a, Malam," ta ce. Ba ta cika ce mini Malam ba. "Gani na so in yi."



Bayan kwana biyu ita da kanta ta ce a fito da motar, kada wahalar mutane ta tashi a banza, kada kuma ƙawarta ta ji ta fasa ɗaki don wofi. Ta ɗaura lafayar. 'Yarmu ta kama ta ta zaunar da ita a gaba. Muka wuce kwanar ba abin da ya taɓa mu, mutane na ɗaga hannu suna a sauka lafiya, ko da yake kowa ya san inda tafiyar ta tsaya. Muka fita ta Ƙofar Na'isa, muka bi bayan ganuwa muka nufi Kabuga. Duk ramin da na faɗa sai ta sanar da ni, ta ce ko makaho ya fi ni iya tuƙi, kuma yanzu tana da hurumin faɗa.

Wajen Kabuga ta ɗaga hanci ta ce tana jin ƙanshin suyar kifi, in tsaya. Na tsaya gaban wata mai kasko a bakin titi. Malama ta sa na kira ta jikin taga.

"'Yan mata, kifin nan na ina ne? Na dam ne?"

"A'a Hajiya, na ƙanƙara ne. Daga teku ake kawo shi, cikin kwali."

"To ba ni na tsakiya. Ki sa yaji."

Aka naɗo a takarda. Ta ɗora a cinya kan lafayar da aka turara, ta soma lalube da yatsu, ƙaya ta soke ta. Na karɓa. Na kashe mota, na zauna ina ɓare tsoka ina zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya ina sa mata a tafin hannu. Masu adaidaita na ta yi mana ham don na tare musu wuri. Idona ya cika, ƙananan ƙayoyin suka daina ganuwa, sai da yatsa nake nemansu ni ma.

Ta ci, ta sake miƙo hannu.

"Ɗan Fulani, na ji kifin nan na raguwa da sauri. Kada ka ga ba na gani."

Na rantse mata ban ci ba. Ta ce rantsuwar Bafillace ba ta shiga kotu. Na ci gaba da zare ƙaya.